Likita ya ce dajin furostet ne: me ɗan judo zai ci gaba da yi a kan tabarma, me zai ajiye?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Daga Bamingam nake magana, a ƙasar Ingila. Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ke nan, amma ku dubi taga, har duhu ya rufa, haka hunturun nan yake. Aji ba zai fara ba sai shida, don haka ɗakin atisayen namu ne mu kaɗai, ni da ƙanena mai riƙe kyamara da wani ɗalibi da zai taya ni nuna wasu abubuwa.

Maganar yau ta magidanta ce. Mutum ya shafe shekaru yana judo, ko jujitsun Burazil, ko damben Turawa, ko karate, ran nan likita ya zaunar da shi ya ce an ga daji a furostet ɗinsa. Bayan ya gama salati, abin da yakan faɗo masa a rai shi ne, shi ke nan in naɗe rigar atisaye in jefa ƙarƙashin gado? Ga mafi yawan mutane, a'a. Sai dai atisayen ba dunƙule ɗaya ba ne. Akwai abin da za ka ci gaba da yi tun gobe, akwai wanda zai jira watanni, akwai kuma wanda wasu za su yi bankwana da shi har abada.

Bari mu gyara suna tukuna. A rediyo za ku ji ana cewa kansar mafitsara, kuma sunan yana rikita mutane, domin mafitsara tana da nata dajin daban. Furostet wani ɗan ƙullutu ne kamar girman goro, yana zaune a ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa, kuma shi ke samar da wani sashe na ruwan maniyyi. A nan Birtaniya ana lissafin namiji 1 cikin 8 zai gamu da wannan daji a rayuwarsa, amma a cikin baƙaƙen fata 1 ne cikin 4. Shi ya sa ake ba mu shawarar mu fara zancen gwajin jini na PSA, mai nuna alamar matsala a furostet, da likita tun muna shekara 45, ba sai mun kai 50 ba. Kuma ɗan wasa ya riƙe wannan: awa 48 kafin a ɗebi jinin ba atisaye mai ƙarfi, ba kusantar iyali, domin dukansu suna iya ɗaga lambar su tayar maka da hankali a banza. Idan randori, wato kokawar gwaji da abokin wasa, daren Talata ne, kada ka karɓi ranar gwaji safiyar Laraba.

To, an riga an tabbatar. Kafin ka yanke komai game da tabarma, abu uku nake so ka dawo da su daga asibiti a rubuce. Lambar PSA ɗinka. Makin Gleason, mai nuna tsananin dajin a samfurin naman da aka ɗauka, wanda yanzu ake mayarwa rukuni daga 1 zuwa 5: 3+3 shi ne rukuni na 1, 3+4 na 2, 4+3 na 3, haka har sama. Na uku shi ne wanda ya fi shafar mu masu kayarwa da faɗuwa: ciwon yana cikin furostet kaɗai, ko ya taɓa ƙashi? Idan ba ka san amsar wannan ba, kada kowa ya ɗaga ka ya maka da ƙasa. Kuma idan za ka tambayi likita, kada ka ce masa kawai kana motsa jiki, zai ɗauka tattaki kake yi a bakin ruwa ya ce ka ci gaba. Ka buɗe waya ka nuna masa bidiyon minti ɗaya na randori, ya ga yadda ƙato mai kilo 90 ke faɗowa a kan ƙirjin mutum, sannan ka saurari amsarsa.

Wanda hankalinsa ya tashi, ga abin da zai ɗan sanyaya masa zuciya. Akwai babban bincike da aka yi a nan ƙasar mai suna ProtecT, maza 1,643 da aka gano ciwonsu bai fita daga furostet ba. Aka raba su uku, wasu tiyata, wasu gashi da haske, wasu sa ido kawai. Da aka fitar da sakamakon shekara 15 a 2023, wajen 97 cikin 100 ba wannan ciwon ya kashe su ba, ko da wace hanya aka bi. Ciwon ya fi yaɗuwa a cikin waɗanda aka sa wa ido kawai, kuma baƙaƙen fata kaɗan ne ƙwarai a cikin binciken, ba zan ɓoye muku ba. Amma dai ya nuna cewa wanda aka gano da wuri yana da lokacin zama ya yi tunani, ba sai ya sa hannu a takarda cikin firgici ba.

Yanzu matso da kyamara nan. Ni ina raba atisaye ne bisa abin da yake yi wa jiki. Akwai wanda ke sa haki kawai, kamar tsallen igiya, naushin iska, da uchikomi, wato maimaita shiga kaye ba tare da kayarwa ba, da roba ɗaure a bango. Akwai mai sa yunƙuri, inda kake riƙe numfashi ka cika ciki da iska don ɗaga mutum ko ƙarfe. Akwai mai danne ciki daga waje: gwiwa a kan ciki irin ta jujitsu, matse ƙugu da ƙafafu, naushin mara. Sai mai girgiza ƙashi, wato kaye, shuri, da murɗe wuya ko gadon baya. Kowace hanyar magani akwai wanda ta hana a cikinsu da wanda ta bari.

Mai rukuni na 1 da aka ce za a sa masa ido, shi ba abin da ya canja a kan tabarma. Ya yi komai. Abin kiyayewa kawai ranakun da suka biyo bayan ɗaukar samfurin nama da allura. Yanzu an fi bi ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura, wurin yakan yi tsami, a ga jini a fitsari na 'yan kwanaki, a maniyyi kuma har makonni. A huta kwanakin da aka faɗa, kuma zazzaɓi ko kasa yin fitsari bayan wannan aiki zancen asibiti ne a ranar, ba gobe ba.

Tiyata ita ce ke buƙatar haƙuri. Yawanci a nan da na'ura ake yin ta, ƙananan huda biyar ko shida a ciki, washegari ko jibi a sallame ka. Nan yaudarar take: daga waje ba a ganin komai sai 'yan filasta, alhali a ciki an cire furostet an ɗinke mafitsara da hanyar fitsari. Za ka koma gida da robar fitsari na mako ɗaya zuwa biyu. A wannan lokaci tafiya ce kaɗai aikinka, minti 10 sau uku ko huɗu a rana, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Da yawa ana ba su allurar tsinka jini ta kwana 28 don gudun gudan jini a ƙafa, kuma muddin kana kanta ba ka da hurumin shiga inda ake bugu. Har zuwa mako na 6, wasu likitoci su ce na 8, ba ɗaukar kaya mai nauyi. Dalilin shi ne ƙaba. Hudar da aka faɗaɗa aka fito da furostet ta nan, da kuma matsematsi, wurare ne da hanji ke iya turowa idan aka yi yunƙuri tun nama bai haɗe ba. Wanda ya yi gaggawar mako biyu sai ya sayi wata tiyatar da wasu watanni na zama.

Tsarin da nake bi da ɗalibai, bayan likitan tiyata ya ba da izini, ga shi. Daga mako na 6 zuwa na 8, aikin ƙafa da shiga kaye ba tare da abokin wasa ba, robar atisaye mai laushi, minti 20. Daga na 8 zuwa na 12, a shiga da abokin wasa amma ba ɗagawa, ka juya ka sa ƙugu ka fito. Bayan wata uku a fara kokawar ƙasa da mutumin da ka yarda da hankalinsa, da sharaɗi: ba gwiwa a ciki, ba matse ƙugu. Kaye na gaske shi ne na ƙarshe, a kan katifa mai kauri, kuma kai ne za ka fara kayarwa kafin a fara kayar da kai. Idan a wani mataki yoyon fitsari ya ƙaru washegari, ko ka ji nauyi a mara, ka koma matakin baya na mako guda.

Tunda na ambaci yoyo, bari mu daɗe a nan, don shi ne ke korar maza daga ɗakin atisaye fiye da ciwon kansa. Rigar judo fara ce, kowa ya san abin da mutum ke tsoro. Bayan an cire furostet, tsokar da ke shimfiɗe a ƙasan ƙugu ita ce ta rage tana riƙe fitsari, kuma ana horar da ita kamar kowace tsoka. Ka kwanta rigingine, ka tanƙwara gwiwoyi. Ka matse kamar kana hana tusa fita, a lokaci guda ka ja gabanka ciki, maraina su ɗan ɗaga, irin yadda jiki ke yi idan ka shiga ruwan sanyi da asubahin hunturu. Ka riƙe kana numfashi, da farko daƙiƙa 3 ko 4, a hankali har 10. Ka saki gaba ɗaya na daƙiƙa 10. Sau 10 ke nan, sannan 10 masu sauri, matse-saki. Sau uku a rana. Idan ka iya a kwance ka koma zaune, sannan tsaye. A fara makonni kafin tiyata, a dakata muddin roba tana jiki, a ci gaba bayan an cire.

Ku dubi ɗalibin nan, na ce masa ya yi kuskuren da gangan. Kun ga ɗuwawu sun ɗaga daga tabarma, cinyoyi sun ƙame, fuska ta ɗaure? Ba tsokar yake matsewa ba, komai yake matsewa ban da ita. Wannan kuskuren 'yan wasa ne musamman, mun saba idan an ce matse sai mu ba da ƙarfi duka. Kuskure na biyu ya fi muni: riƙe numfashi a tura ƙasa kamar mai nishin bayan gida, wanda ke ƙara turo fitsarin waje. Na uku shi ne yin ɗari biyu a rana don a warke da wuri, sai tsokar ta gaji, da yamma yoyon ya fi na safe. Kuma kada ka mai da tsayar da fitsari a tsakiya ya zama atisayenka na kullum, yana hana mafitsara zubar da komai.

Ga inda horonmu ke da amfani. Mun saba fitar da numfashi daidai lokacin bugu ko kaye. To ka ƙara abu ɗaya a gabansa: matse, sannan ka fitar da iska, sannan ka motsa. Kafin ka miƙe daga zaman gwiwa, kafin tari, kafin ka ja abokin wasa. Idan ka maimaita shi kamar uchikomi, jiki zai riƙa yi da kansa. Sauran dabara ce: ka yi fitsari daf da shiga, ka sa ƙunzugun maza na kanti da gajeren wando baƙi mai kama jiki a ƙarƙashin wandon judo, ko ka koma shuɗiyar riga. Ka rage kofi, lemon ƙara kuzari da garin da ake kaɗawa kafin atisaye, har da goro, Alhaji, domin duk suna tsokanar mafitsara. Ruwa kuwa kada ka rage shi, fitsari mai kauri ya fi ƙaiƙayi. Yawancin maza suna samun sauƙi sosai cikin watanni, wasu har shekara. Batun tsarki da salla kuma, mai yoyon fitsari yana da rangwame a shari'a, ka je wurin malami ka faɗa masa yadda abin yake kada waswasi ya raba ka da jam'i.

Sai gashi, wato rediyoterafi. An fi yin zama 20 cikin mako huɗu, wasu yanzu zama 5 kacal. Ba yanka, don haka da yawa suna ci gaba da atisaye mai sauƙi har a gama. Gajiyar tana taruwa ne, makon farko ka ce ba komai, wajen ƙarshe da mako biyun da ke biye sai ka ji kamar an ɗaura maka dutse. Fitsari yakan yawaita ya yi zafi, ciki ya riƙa saki, don haka ka san inda banɗaki yake kafin a ɗaure ɗamara. Abu ɗaya da 'yan gasa ke yi wanda nake hanawa: rage nauyi da gangan. An auna jikinka da hoto an tsara inda hasken zai bi, idan ka zubar da kilo biyar a tsakiyar aiki ka ɓata awon. Wanda kuma aka dasa wa 'yan ƙwayoyin haske na dindindin a cikin furostet, ana gaya masa ya guji doguwar kusanta da ƙananan yara da masu ciki na wajen wata biyu. Idan kai ke koyar da ajin yara, ka koyar daga tsaye, kada ka ɗora su a cinya.

Yanzu allurar da ke kashe sinadarin namiji, testostiron, wanda shi ne abincin wannan daji. Akwai Zoladex da ake sawa ƙarƙashin fatar ciki duk mako 4 ko 12, akwai Prostap, da wasunsu. Tana aiki, amma tana karɓar haraji. Tsoka ta ragu, tumbi ya fito, ƙashi ya yi laushi, sha'awa ta kwanta, zafi ya taso maka daga ƙirji zuwa fuska ka jiƙe da zufa ana tsakiyar sanyi. Yaron da kake juyawa da hannu ɗaya bara, bana shi ke danne ka, kuma wannan yana ci wa namiji rai fiye da yadda yake faɗa. A nan motsa jiki ya tashi daga sha'awa ya koma magani. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a ba masu wannan allura atisayen ƙarfe da na haki ƙarƙashin kulawa, aƙalla sau biyu a mako na mako 12. Ka tambayi ma'aikaciyar jinyarka a tura ka, haƙƙinka ne.

Kokawa kaɗai ba za ta riƙe maka tsoka ba, sai da ƙarfe. Kwana biyu a mako, motsi biyar ko shida manya: tsuguno da nauyi, tura ƙafa a na'ura, ja zuwa ƙirji, tura daga ƙirji, ɗaukar nauyi a hannu biyu kana tafiya. Zagaye 2 ko 3, maimaici 8 zuwa 12, da nauyin da na ƙarshe zai yi maka wuya amma ba sai ka riƙe numfashi ba. Ka haɗa da minti 150 na haki matsakaici a mako, irin wanda za ka iya magana amma ba za ka iya waƙa ba. Kowane cin abinci ya zama da ƙwai, kifi, wake, kaza ko nono. Bitamin D kuma, mu baƙaƙe a ƙasar da rana ke rowa an ce mu sha maikirogiram 10 kullum duk shekara, likita na iya ƙara maka. Ka nemi hoton auna ƙarfin ƙashi da ake kira DEXA. Idan ya nuna ƙashi ya yi rauni sosai, mirginawa ta gaba da kaye mai tsayi sun fita, a koma aikin daidaita tsayuwa da kokawar ƙasa mai sauƙi. Kuma don Allah, duk wani abin da ake sayarwa a bayan ɗakin motsa jiki da sunan ƙara testostiron, allura ko ƙwaya, ga mai wannan ciwo zuba fetur a wuta ne. Haka maganin ƙarfin maza na kasuwa da ba a san abin da ke ciki ba. Raunin gaba bayan tiyata ko allura sananne ne, asibiti suna da sashensa, ka buɗe baki ka faɗa.

Saura magana mafi nauyi. Wannan daji idan zai yaɗu, ƙashi ya fi so: gadon baya, ƙugu, haƙarƙari, saman cinya. Mu kuwa an horar da mu mu raina ciwo. Sa Kiris Hoy, ɗan tseren keken Birtaniya mai zinare shida a Olamfik, ya bayyana a watan Oktoban 2024 cewa nasa ya riga ya shiga ƙashi, kuma ciwon kafaɗa ne ya fara kai shi asibiti. Mutumin da ya fi kusan kowa lafiyar jiki. Tsamin atisaye yana zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu, yana cikin nama, yana sauka idan jiki ya ɗumi. Ciwon ƙashi yana zaune wuri ɗaya, hutu ba ya kore shi, yana tashin ka da dare, mako na bin mako yana ƙaruwa. Wannan ba na man zafi ba ne. Idan kuma ciwon baya ya zo da sanyin ƙafafu, ko dindiris a cinya da mazaunai, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa ko suka ƙi fita, alamar an danne laka ce. A nan sa'o'i ake ƙirgawa, ka kira lambar gaggawa da asibitinka ya ba ka ko 999, kada ka jira safiya. Mai ciwo a ƙashi yana iya motsa jiki, har ana so ya yi, amma likitan daji da na fisiyo, wato mai kula da motsin jiki, su ne za su faɗi inda ba za a ɗora wa nauyi ba. Kaye, shuri a jiki, naɗe mutum a kan wuyansa, duk sun ƙare. Aikin ƙafa, jerin motsin da ake kira kata a hankali, riƙe wa yara agogo da gyara musu riƙo suna nan.

Batun zuciya ba zan yi dogon wa'azi ba. Makonnin jiran sakamako su ne mafi wuya, barci ya ƙaura, kowane gwajin PSA ya zama kamar ranar shari'a. Amfanin zuwa aji a lokacin shi ne awa ɗaya da rabi da kanka ba zai iya tunanin lamba ba, saboda wani na neman kama wuyan rigarka. Ba dole ka sanar da kowa ba, amma mutum biyu dole su sani: malamin ajin da abokin da ka fi yin atisaye da shi. Ka faɗa musu a sarari abin da ba a taɓawa da kuma har yaushe. Ka riƙa buga hannu, alamar ka miƙa wuya, da wuri, tun kafin matsa ta kai maka. Uwargida ma a shigar da ita ɗakin likita, kunne huɗu sun fi biyu kama bayani. Kuma ka kira 'yan'uwanka maza na jini, na nan da na gida, domin wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan ciwo haɗarinsa ya fi ninki biyu.

Ƙanena, juyo da kyamara kan jakar nan kafin mutane su shigo. Ga abin da nake cewa a zuba: ƙunzugu biyu da leda mai rufewa, wandon canji, gorar ruwa lita ɗaya, ƙaramin tawul na lokacin da zafi ya taso, robar uchikomi, da kati ɗauke da sunayen magungunanka da lambar ma'aikaciyar jinya, a aljihun gaba inda malami zai gani. Ranar da aka sa maka allurar ciki, ka ɗaure ɗamara sako-sako, ƙullin ya kauce wa wurin. Na ji ƙofa, yaran ajin shida sun fara isowa. A bidiyo na gaba zan nuna yadda ake sake koyon faɗuwa daga zaune, ga wanda hoton ƙashinsa ya ba shi dama. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.